Ƙera Injin Ingiza Ƙwayoyin Zarra a Gida: Yiwuwarsa da Iyakarsa, da Misali daga Dogon Daji

1. Mafarin Magana

Maganar ƙarfin ƙwayar zarra ta shiga kunnen mutanen ƙasar Hausa ne da tsoro. Ran 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta fasa bom ɗinta na farko a Reggane, cikin Hamadar Aljeriya, jama'a suka ɗauka iskar hunturu za ta kwaso gubarsa ta kawo musu. Da gwajin ya ƙi ƙarewa, Nijeriya ta sallami jakadan Faransa a farkon 1961. A zamanin nan kuwa maganar ta sāke kama. Samari su kan ga hotunan yara 'yan makaranta na Amurka a wayoyinsu, waɗanda aka ce sun ƙera ƙaramar rana a cikin gidajen iyayensu. Daga nan sai su zo wurin malaminsu su tambaye shi ko su ma za su iya, har watakila su ba garinsu lantarki.

Tambayar tana da nauyi ga malami. In ya ce abin ba ya yiwuwa, bai faɗi gaskiya ba, yaron kuwa zai gane haka da kansa, ya daina amince wa malamin. In ya ce yana yiwuwa ya yi shiru, ya tura yaro ga abin da zai iya kashe shi nan take. Sabo da haka aka ga ya kamata a shimfiɗa al'amarin da Hausa, a auna shi da halin wani gari sananne, watau Dogon Daji, cikin ƙasar Tambuwal, a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega.

2. Kalmomin da A Ke Bukata

Tun lokacin da Dr. East da Malam Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah aka tabbata Hausa tana iya ɗaukar ilmin halitta, in dai an zauna an zaɓi kalmomi. Ƙwayar zarra, wadda aka aro daga Larabci, ita ce mafi ƙanƙantar yanki na ko wane sinadari. A tsakiyarta akwai ɗan ƙwallo wanda za a kira cibiya, a kewayensa kuwa akwai ilektiron. Cibiyar ƙarama ce ƙwarai. Da za a kumbura ƙwayar zarra ta haidirojin har cibiyarta ta kai ƙwayar gero, da iyakar ƙwayar ta yi faɗin gona mai kamar mita 200, tsakaninsu kuwa fili ne wayam.

Cikin cibiya akwai furoton, mai ɗauke da lantarki, da nutiron, wanda ba shi da ko kaɗan. Hanya biyu a ke samun ƙarfi daga cibiya. Ta farko ita ce fasawa, watau a tsaga cibiya mai nauyi, irin ta yuraniyom da aka fara haƙa a Arlit, ƙasar Nijar, a 1971. Ta biyu ita ce haɗewa, watau a matse cibiyoyi biyu marasa nauyi su zama ɗaya. Da wannan ta biyu rana ta ke ci. Injin ingiza ƙwayoyi kuwa shi ne ko wane irin inji da ke amfani da lantarki ya kori ƙwayoyi da gudu cikin bututun da aka zuƙe wa iska. Ƙarfin turawar ana auna shi da volt, sunan da aka ɗauko daga Volta, mutumin Italiya.

3. Abin da Ke Hana Cibiyoyi Haɗuwa

Ko wace cibiya lantarkinta iri ɗaya ne da na 'yar'uwarta, abu biyu masu lantarki iri ɗaya kuwa ture juna su ke yi, kamar yadda bakin maganaɗisu ya ke ƙin ɗan'uwansa. Gwargwadon kusantarsu, gwargwadon ƙaruwar turewar. Amma in suka matsu har suka kusa taɓa juna, sai wani ƙarfi dabam ya fizge su ya ɗaure, abin da ya rage na nauyinsu ya fita ya zama zafi da gudu.

A cikin rana nauyinta ne ke yin wannan matsi, ga kuma zafin da ya kai digiri miliyan 15 a tsakiyarta. A duniya ba a da irin wannan nauyi, sai a nemi dabara. Dabara mafi sauƙi ita ce gudu. Cibiyar da aka ingiza da volt 30,000 tana da gudu daidai da na cibiyar da ke cikin zafin digiri miliyan 350 ko kusa da haka. A 1928 George Gamow ya nuna cewa ba lalle ne cibiya ta haye katangar turewa gaba ɗaya ba, wani sa'i ta kan ɓulla ta ciki ko da ƙarfinta bai kai ba. Wannan shi ya sa 'yan dubban volt su ke isa a sami haɗewa jefi jefi.

Makamashin da ya fi dacewa shi ne diyutariyom, watau haidirojin mai nauyi, wanda Harold Urey ya gano a 1931. Cikin ko wane ƙwayoyin haidirojin 6,400 na ruwa, ɗaya diyutariyom ce, ruwan rijiyar Dogon Daji da na teku duk kusan haka su ke. Da za a iya ƙone diyutariyom ɗin da ke cikin lita ɗaya ta ruwa ƙurmus, da an sami ƙarfin da ya kai na fetur lita 300, watau durom ɗaya da rabi. Wannan lissafi shi ne ke ruɗin mutane, shi ne kuma ya sa manyan ƙasashe suka shekara fiye da 70 suna zuba dukiya a kan al'amarin.

4. Yadda Aka Fara

Mai tsammanin sai da manyan injuna a ke wannan aiki zai yi mamakin tarihinsa. A 1929 Robert Van de Graaff ya haɗa gwangwani da ƙyallen siliki da ƙaramin mota, ya tara volt 80,000. A 1931, a Kalifoniya, Ernest Lawrence da ɗalibinsa Livingston suka ƙera inji mai juya ƙwayoyi cikin da'ira, wanda faɗinsa bai kai inci 5 ba. A 1932, a Kambirij ta Ingila, John Cockcroft da Ernest Walton suka fasa cibiyar litiyom da injin da suka haɗa da hannunsu, har da gilasan famfon sayar da fetur a cikinsa. Aikin nan ya jawo musu lambar Nobel a 1951. A 1934 kuma, a wannan ɗakin bincike, Mark Oliphant da Paul Harteck da Ernest Rutherford suka harba diyutariyom a kan diyutariyom, suka sami haɗewa ta farko da ɗan Adam ya yi da gangan.

Abin lura a nan shi ne haɗewar farko da injin ingizawa aka yi ta, kayan aikin kuwa ba su fi ƙarfin ƙwararren mai sana'a na yanzu ba. Har ma irin wannan inji ya daɗe a gidajen mutane ba su sani ba. Tsohon akwatin talabijin mai ƙugu, wanda masu gyaran rediyo na Sakkwato suka sani ciki da bai, injin ingiza ilektiron ne, mai kala ya kan yi aiki da volt kamar 25,000. Injin ɗaukar hoton ƙashi na asibiti shi ma danginsa ne.

Injin da masu yi a gida su ke kwaikwayo ya fito ne daga hannun Philo Farnsworth, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙago talabijin, Robert Hirsch ya gyara shi ya bayyana sakamakonsa a 1967. Ana ce masa fiyuso. Tukunya ce ta ƙarfe, rufaffiya ruf, mai girman ƙwallon ƙafa ko ƙasa da haka, da ɗan kejin waya a tsakiya. Kejin ya kan jawo cibiyoyin diyutariyom daga ko wane gefe, su yi ta kai da kawowa ta tsakiyarsa, kaɗan daga cikinsu su yi karo su haɗe.

5. Waɗanda Suka Yi a Gida

A 1999 Richard Hull, wani mai aikin lantarki a Bajiniya ta Amurka, ya sami haɗewa da fiyuso ɗin da ya ƙera a gidansa. Bayansa mutane da dama sun bi sawu. Taylor Wilson ya yi nasa a 2008 yana ɗan shekara 14, amma a ɗakin binciken Jami'ar Nebada aka ba shi wuri, malamai suna dubansa. Jackson Oswalt na birnin Memphis ya yi a 2018, kafin ya cika 13.

Ashe amsar rabin tambayar ita ce i, yana yiwuwa. Amma akwai sharaɗin da masu wannan sha'awa suka ɗora wa kansu, wanda ya kamata malami ya sani. Hasken shunayya da a ke gani cikin tukunyar ba shaida ba ne, ko wace iska maras kauri ta kan yi haske in lantarki ya ratsa ta, kamar dogon ƙwan fitila. Shaida ɗaya ita ce a ƙirga nutiron da ke fitowa da ma'auni amintacce. Da yawa daga hotunan da samari ke gani haske ne kurum, babu haɗewa a ciki.

6. Lissafin Riba da Hasara

Sauran rabin tambayar, watau ko injin zai ba da lantarki, lissafi ne zai amsa shi, ɗan makarantar sakandare kuwa zai iya bin sa. A ɗauka fiyuso yana aiki da volt 40,000, lantarkin da ke gudana cikinsa kuwa kashi 1 cikin 100 na amfiya. In aka ninka su, yana shan wat 400. Injin gida mai kyau ya kan fid da nutiron kamar miliyan ɗaya a daƙiƙa. Da ya ke rabin haɗewar diyutariyom ne kaɗai ke fid da nutiron, haɗewa miliyan 2 ke nan a daƙiƙa. Adadin yana da daɗin ji, amma ƙarfin ko wace haɗewa ƙanƙane ne ainun. In aka tara su duka, ba su wuce kashi 1 cikin miliyan na wat ɗaya da wani abin kirki ba.

Ga yadda za a fahimci wannan. Wat 400 ɗin da injin ke sha zai tafasa lita ɗaya ta ruwan shayi cikin minti 12 ko 13. Ƙarfin da haɗewar ta bayar kuwa, ko da ba a yi hasarar ko kaɗan ba, sai ya shekara kusan 8,000 kafin ya tafasa wannan lita. An ba da raƙumi ke nan an karɓo allura.

Kada a ɗauka rashin gwaninta ne ya jawo haka. Aibin yana cikin hanyar kanta. Cibiyar da aka harba, kafin ta dace da 'yar'uwarta ido da ido, ta kan goga da ƙwayoyin iska, ko ta kauce, ko ta faɗa kan wayar keji, gudunta ya zama zafi ya ɓace. Kamar mutum biyu ne a gaɓa biyu ta kogi suna jifa da tsakuwa don tsakuwoyin su yi karo a sama. Za a dace wani lokaci, amma yawancin jifan ruwa zai ci. Ƙara girman injin ba ya kawar da wannan aibi.

Manyan ɗakunan bincike sun bi wasu hanyoyi dabam, su ma da ƙyar. Ran 5 ga Disamba, 2022, a Livermore ta Kalifoniya, aka haska wa ɗan ƙwallon makamashi hasken leza mai ƙarfin jul miliyan 2.05, ya mayar da miliyan 3.15. Shi ne karo na farko da haɗewa a ɗakin bincike ta ba da fiye da ƙarfin hasken lezar da aka haska. Duk da haka injunan lezar sun sha kamar jul miliyan 300 na lantarki kafin su yi wannan harbi ɗaya. A Cadarache, kudancin Faransa, ƙasashe fiye da 30 sun haɗa kai suna gina babban injin ITER, wanda zai tsare makamashin da maganaɗisu, shi ma don gwaji ne, ba don sayar da lantarki ba.

7. In A Dogon Daji Ne

Abu huɗu mai wannan aiki ya ke bukata, ko wanne kuwa yana da hali nasa a gari irin Dogon Daji ko Kebbe.

Na farko tukunya da zuƙe iska. Cikin tukunyar dole iska ta ragu har ta zama kamar kashi 1 cikin 100,000 na iskar waje, kafin a sa diyutariyom kuwa sai an zuƙe fiye da haka nesa. Masu walda na bakin hanya suna haɗa ƙofa da tankin ruwa wanda ba ya yoyo, amma ramin da ruwa ba ya bi iska tana bi. Ana bukatar ƙarfe maras tsatsa, da walda ta musamman, da famfo iri biyu. Injin tsohon firiji, wanda masu dabara su kan juya ya zama famfo, ba ya kai ko kusa. Ƙurar hunturu kuma abokiyar gaba ce, ƙwaya ɗaya a bakin murfi ta isa ta ɓata aikin mako.

Na biyu lantarki. Wat 400 ba shi da yawa, ƙaramin janareta ko 'yan faifan sola da batir za su ɗauka. Wuyar ita ce a mai da shi volt dubbai masu tsayawa daram, famfon kuwa ya yi sa'o'i bai tsaya ba. Da damina laima ta kan sa lantarki mai ƙarfi ya tsere ta iska, da bazara kuma zafin da ke wuce digiri 40 ya kan gajiyar da kayan.

Na uku diyutariyom. Ko da ya ke yana cikin ruwan rijiya, tace shi aikin babbar masana'anta ne. Ba a sayar da shi a kasuwa, shigo da shi kuwa sai da izni.

Na huɗu ma'aunin nutiron, wanda in babu shi duk wahalar ba ta da shaida. Shi ma daga waje a ke sayo shi, kuma sai an gwada shi a ɗakin bincike kafin a amince da ƙirgarsa.

Daga nan za a ga cewa hannu da basira ba su ne suka gaza ba. Abin da yaran Amurka suka samu shi ne kasuwar tsofaffin kayan ɗakunan bincike, da iyaye masu kuɗi, da masana a kusa.

8. Haɗari da Doka

Haɗarin farko shi ne lantarkin kansa. Kashi 1 cikin 20 na amfiya, in ya ratsa ƙirji, ya isa ya rikita bugun zuciya. A volt 40,000 ba sai an taɓa waya ba, wutar ta kan yi tsalle ta sami hannu. Kayan kuma su kan riƙe caji bayan an kashe su, abin da ko wane mai gyaran talabijin ya sani.

Na biyu shi ne haskoki masu ratsa jiki, irin na hoton ƙashi, waɗanda tukunyar ke fitarwa tun kafin a sami haɗewa ko ɗaya. Ba a ganinsu, ba a jinsu, suna fita ta tagar leƙe su sami ido. Dalma tana tare su, amma ba ta tare nutiron sosai, shi sai ruwa mai yawa ko kakin kyandir. A gidan Bahaushe, inda ɗakin saurayi ke jingine da na ƙannensa, katangar ƙasa ɗaya ce tsakani, haɗarin bai tsaya kan mai injin kaɗai ba. A Mishigan ta Amurka wani saurayi, David Hahn, ya tara sinadarai masu guba irin wannan a rumfar bayan gidansu, har hukuma ta zo a 1995 ta rushe rumfar ta binne kayanta.

Akwai tsoro ɗaya da ya kamata a cire wa jama'a: fiyuso ba ya fashewa kamar bom, da an yanke lantarki haɗewar ta tsaya.

Game da doka, Nijeriya ta kafa dokar kiyaye haɗarin nukiliya a 1995, hukumar da ke zartar da ita, watau NNRA, ta fara aiki a 2001. Mallakar injin da ke fid da irin waɗannan haskoki, ko aiki da shi, sai da lasin daga gare ta.

9. Inda Ƙofa Ta Ke a Buɗe

Yaron da wannan sha'awa ta kama ba sai ya bar ƙasarsa ba. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai Cibiyar Binciken Makamashi da Horarwa. Masananta sun yi aiki da ƙaramin injin ingizawa mai haɗe diyutariyom da tiritiyom don samun nutiron, suna gano sinadaran da ke cikin duwatsu da ƙasa. Wannan shi ne ainihin amfanin irin injin nan a ko ina cikin duniya: ana nemansa don nutiron ɗinsa. A can ne kuma tukunyar nukiliya ta farko a Nijeriya, mai ƙarfin kilowat 30, ƙirar ƙasar Sin, ta fara aiki a 2004, aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyom maras ƙarfin yin makami a 2018. Ita ta hanyar fasawa ta ke aiki. A Ile-Ife akwai injin ingizawa mai volt miliyan 1.7, jikan na Van de Graaff. A Sakkwato kuwa, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi tun 1982, wadda ta fi mai da hankali ga hasken rana.

10. Abin da Malami Zai Iya Yi

Malamin da ya fito daga kwalejin horon malamai zai iya koyar da tushen wannan ilmi duka ba tare da ya sa ran kowa a haɗari ba. Hunturu, wanda ke ɓata aikin zuƙe iska, shi ne lokacin da ya fi kyau ga gwajin lantarkin goga, don busasshiyar iska ba ta barinsa ya tsere. Tartsatsin da bargo ke yi da dare volt dubbai ne. Da kwalba da waya da 'yar takardar gwangwani za a nuna yadda lantarki iri ɗaya ke ture juna, wanda shi ne katangar da aka yi bayani a baya. Ƙaramin injin Van de Graaff na tebur, mai bel da ƙwaryar ƙarfe, ɗalibai za su iya ƙera shi da taimakon maƙeri. Volt ɗinsa na da yawa, amma abin da ke gudana kaɗan ne ƙwarai, muddin ba a haɗa shi da abin tara caji ba. Lissafin lita ɗaya ta ruwan shayi kuma darasi ne cikakke, wanda zai koya wa yaro ya auna ko wace da'awa da alƙalami kafin ya gaskata ta.

Game da lantarkin gari kuwa, haɗewar da ke da riba tana nan tana aiki nisan kilomita miliyan 150 daga Dogon Daji, haskenta na isowa cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu. Da tsakar rana ko wane murabba'in mita na ƙasa yana samun kusan wat 1,000, faifan sola mai kyau kuwa ya kan kama kamar kashi ɗaya cikin biyar na wannan. Faifai ɗaya a kan rufin makaranta ya fi fiyuso na gida ba da ƙarfi sau miliyoyi. Ɗalibin da ya iya auna wannan, ya iya bayyana dalilinsa da Hausa ga mahaifinsa, ya kama hanyar da za ta kai shi ɗakin bincike na Sakkwato ko na Zariya, inda zai taɓa injin na gaske a gaban waɗanda suka san haɗarinsa.